Ƙarfen Ƙarƙashin Tukunyar Wankana

Shekarar da na je gida wankan haihuwar fari, na tarar da gidanmu ya yi wani irin shiru da ban san shi da shi ba. Mu maƙera ne, a wani ƙauye da ke gefen Bagwai, inda in ka hau kan soro za ka hango ruwan Watari yana ƙyalli a bayan gonakin shinkafa. Bango ɗaya ne tsakanin maƙerar Baba da ɗakin Inna. Tun ina goye kunnena ya saba da ƙarar masaba, har ta kai in ba a dukan ƙarfe ba na iya barcin rana. Da aka kai ni ɗakin miji a Ungogo, sai da na yi watanni ina ganin unguwar kamar an yi mutuwa, alhali ga masu adaidaita sahu nan suna ta cika mana kunne da oda.

Abin da ya faru shi ne, kafin faɗuwar damina hawan jini ya kayar da Baba. Allah ya taƙaita, ya tashi da ƙafarsa, bakinsa ma ya dawo daidai, amma hannunsa na hagu ya koma rawa. Hannun da yake riƙe awartaki ke nan. Ranar da ya fara gwada komawa maƙera, jan ƙarfe ya suɓuce masa ya faɗi dab da ƙafarsa. Ya watsa wa gawayin ruwa, ya ja ƙyauren, ya ɗauki tabarmarsa ya shimfiɗa a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Daga nan sai masallaci, daga masallaci sai nan.

Ni ce auta, ni ce 'yar lelensa, don haka ba wata kunya a tsakaninmu. Na same shi na ce, "Baba, wannan zaman fa? Har wuyanka ya fito."

Ya ce, "Hutu nake, Auta. Na yi nawa."

Wane hutu! Mutumin da ke share malmala biyu ta tuwon dawa ya nemi ƙari, yanzu Inna na dawo da kwanonsa kamar kaza ce ta tsattsaga. Manoma na zuwa da fartanyoyi da lauje, ga girbi ya matso, sai ya ce su kai garin gaba. Yayana, wanda ke aiki a wani shagon injinan yankan ƙarfe a birni, yakan zo ƙarshen mako ya buɗe maƙerar ya rage musu aiki, Baba ko leƙawa ba ya yi. Abin ya dame ni ƙwarai. Inna kuwa ta ce mini a ɗaki, ita ba ciwon take tsoro ba, wannan zaman take tsoro, don ta ga yadda yake cinye maza.

Na haihu da kaka, aka samu namiji, aka yi suna, na shiga wanka gadan-gadan. Wanda bai taɓa ganin wankan Inna ba bai san zafi ba. Wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce take girkawa a bayan ɗaki, ta cika ta da ruwa da ganyen darbejiya, ta bar shi ya yi ta tafarfasa, sannan ta zo ta tsaya a kaina tana fyaɗa mini. In na yi ƙara ta ce ai ban ga komai ba, a zamaninsu ruwan har fata yake ɗauka. Daga nan sai kunun kanwa, sai romon ƙauri, sai kwanciya. Na gaji da kwanciyar nan har na san yawan azarar ɗakin.

Ana haka, wata safiya na ji sallama da wata murya mai kama da ta ɓauna. Baffa ne. Baffa taubashin Baba ne, maharbi, daga wani ƙauye can ƙetaren ruwa. Tun suna yara suke tsokanar juna, har yau ba a gama shari'ar wane ne bawan wani ba, kowa cewa yake ɗayan ne. Akwai kuma wata al'ada ta gidanmu: duk 'yar da ta gama wankan fari za ta koma ɗakinta, Baffa ne ke zuwa ya tsaya a bakin gari ya buga bindiga sau ɗaya, albarushi zalla ba komai a ciki, don kowa ya san 'yar maƙera ta tafi lafiya. Ya yi wa yayyena mata duka. Bindigar kuwa ta toka ce, irin ta ɗure, Baba ne ya ƙera masa ita tun kafin su yi aure, kuma hukuma ta san da zamanta.

Na leƙa ta tagar ɗakin Inna. Ga Baffa tsaye a kan Baba, ya ciro bindigar daga wani tsohon buhu ya ajiye masa a cinya.

"Bawana, tashi ka ga aikinka na banza. Shekara nawa kacal, har ta lalace."

Baba ya juya ta. Ko daga inda nake ina ganin tsatsa ta yi mata ja. Ya zura ɗan yatsa a bakinta, ya karkata ta, wani jan ruwa ya ɗigo.

"Innalillahi! Kai, wannan a rijiya ka ajiye ta?"

"Ɗakina ne ke yoyo."

"Ɗakinka ke yoyo, kai kuma kana ina? Tsatsar nan ta kai har can gindi, inda albarushi ke zama. In aka buga ta a haka, da kai za ta tafi." Ya miƙa masa. "Kai wa yaron nan nawa, suna da injina a birni."

Baffa ya mayar da hannuwansa baya kamar an miƙo masa wuta. Ya ce wallahi hannun da ya haife ta shi zai gyara ta, in kuwa ba haka ba, sai dai Auta ta koma ɗakinta shiru kamar ɓarauniya. Ya ɗaga murya yadda zan ji: "Auta! Kin ji ubanki zai mayar da ke marar gata!"

Na ce daga taga, "Na ji, Baffa. Ni kuwa ba inda za ni sai an buga mini. In zauna nan har yaron ya yi gemu."

Baba ya ce mu duka ba mu da hankali. Amma bai mayar da bindigar cikin buhu ba. Har azahar tana kan cinyarsa.

Da Yaya ya zo ranar Asabar, sai aka buɗe maƙera, aka zauna shawara. Ni kuma na ja tabarmata na manna da bangon nan, jaririna a cinya, kunnena a waje. Matsalar ita ce, sai an sami wani dogon ƙarfe mai kaifi da za a zura a riƙa juyawa a hankali yana kankare tsatsar har wurin ya yi sumul. Baba makankari yake ce masa. Nasa na da can an ara ba a dawo da shi ba. To, da wane ƙarfe za a yi sabo?

Yaya ya zo da nasa a aljihu, guntu da ake ɗaurawa a bakin doguwar sanda, nannaɗe a tsumma. Irin na shagonsu ne, ɗan kanti, bakinsa baƙi-baƙi mai nauyi. Ya ce wannan ba ya dakushewa, yana shiga ƙarfe kamar wuƙa a cikin kabewa, kafin la'asar an gama. Na ji Baba ya karɓa, ya ɗan ƙwanƙwasa shi a kan uwar maƙera.

"Kai, wannan ƙarfe ne," in ji shi. "Da ina da irinsa ina saurayi, da ba a zauna lafiya ba. Amma faɗa mini gaskiya, in hannu ya karkace fa?"

Yaya ya ce, "Gaskiya ba ya son karkacewa, Baba. Ƙarfinsa ya yi yawa, ba ya lanƙwasa, sai dai ya ɓalle. Mu a inji muke ɗaure shi, ba ya motsi."

"In ya ɓalle a ciki fa?"

"Shi ke nan. Babu abin da zai iya cizonsa ya fito da shi."

Baffa ya ce, "A'a, a'a! Ku rufa mini asiri. Mayar da abinka aljihu."

Sai aka ɗauko tsohon magagari, wanda haƙoransa suka cinye. Da irinsa Baba ya yi na farko. Baffa ya ce ai shi ke nan, abin da ya yi jiya shi zai yi yau. Aka ƙwanƙwasa shi, na ji ƙararsa siririya ta ratso bango. Baba ya ce magagari yana riƙe kaifi, ba laifi, amma shi ma zuciya gare shi, in ka matsa masa ba daidai ba sai ya tsage. Ya ce wancan karon da ya yi aiki da shi, hannunsa ko ƙuda ya sauka a kai ba ya motsi.

Ko da ban gani ba, na san hannun Baba kowa ke kallo. Na ce yanzu zai miƙe ya koma gindin darbejiya, kuma in ya koma wannan karon ya koma ke nan.

Sai na ji ya yi gyaran murya.

"Ba wanda ya fi kaifi nake nema ba. Wanda zai yi haƙuri da hannun nan nake nema. Ina sifirin ɗin motar nan da na ajiye a bayan ƙyaure?"

Wallahi sai da hawaye ya zubo mini a kan goshin yaro. Tun da ya kwanta ciwo, ranar ce ya fara ambaton hannun da bakinsa.

Sifirin mota, yadda ya yi wa Baffa bayani, ya saba ɗaukar kaya yana lanƙwasa yana dawowa. In hannu ya yi rawa, zai bi hannun, ba zai karye ba. Aibinsa ɗaya, ba ya daɗewa da kaifi, ana ɗan aiki sai a fito da shi a wasa. Aikin yini sai ya koma na kwanaki. Baffa ya ce shi ina ruwansa, ba shi da shanu a daji.

Aka duba bayan ƙyaure, babu sifirin. Aka zazzage buhunan gawayi, babu. Yaya ya hau har kan rumbu. Ni kuwa ina zaune sai wani abu ya faɗo mini a rai, na dubi Inna, na ga ta duƙufa tana tsince wake kamar ba ta jin komai.

Na ce, "Inna, wane ƙarfe ne kika gitta a kan murhun wankana?"

Ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. Da bakinki aka haife ki."

Ashe tun ranar da aka girka tukunyar, dutse ɗaya ya fashe, ta je ta ɗauko ƙarfen ta gitta. Ai kuwa sai ga Baba da kansa har bayan ɗaki, wurin da rabonsa da shi tun ina yarinya. Ya tsaya yana kallon sifirinsa, ya yi baƙi ƙirin, tukunya na zaune a kansa daram.

"Haba, ke kuwa! Ƙarfen da na yi shekaru ina ɓoyo?"

"Ɓoyonsa kake ka ci? Ni na ga maƙerin ya yi murabus, na ce bari ƙarfen ya samu aikin yi."

"Wa ya ce miki na yi murabus?"

"Darbejiya ce ta gaya mini."

Na yi dariya har sai da cikina ya murɗa. Inna ta ce ba mai taɓa mata tukunya sai an kawo abin da zai maye gurbi, don ba za ta bar 'yarta ta yi ɗanyen jego saboda bindigar wani tsoho ba. Baffa da Yaya suka tafi bakin rafi suka turo wani ƙaton dutse, Baffa na nishi yana cewa shi da ya zo a yi masa aiki ga shi an mai da shi lebura. Da aka zaro sifirin, Baba ya shafa shi ya ce wutar Inna ma ta rage masa aiki, ƙarfen ya yi laushi, zai yi daɗin sarrafawa. Inna ta ce to a biya ta ladan zuga.

Washegari da hantsi na ji zugazugi ya fara numfashi. Sannan masaba ta sauka. Dukan bai yi ƙarfin na da ba, kuma akwai ɗan jinkiri tsakanin wannan da wancan, amma na Baba ne, ko a cikin barci na san shi. Yaya ne ya riƙe masa awartaki. Baffa aka ba zuga, ya yi ta yi ba kan gado, Baba na cewa, "A hankali, bawan banza, wuta ake hurawa, ba gwanki ake kora ba!" Yarona, da ya saba tsala kuka da hantsi, ranar barci ya yi har da minshari. Inna ta ce jini ba ya ɓuya.

Yaya ya koma birni ran Litinin, ya bar tsofaffin biyu da abinsu. Kullum Baffa zai ƙetaro da sassafe a kan kekensa. Baba zai zura makankarin ya juya kaɗan, ya zaro, ya share jan garin da ya fito, ya taɓa bakin da babban yatsa ya ce ya mutu. Sai Baffa ya zauna wasawa a dutse yana mita. Akwai ranar da hannun ya yi rawa sosai, na ji Baffa ya ce "Wayyo!" Aka zaro ƙarfen ya ɗan lanƙwashe. Baba ya ɗora shi a uwar maƙera ya miƙar da shi da duka biyu-uku, ya ce, "Ka gani? Da na yaron nan ne, da yanzu muna zaman makoki." Ranar kwanonsa ya dawo a sharce, har ya aiko a tambayi ko da saura.

Manoma kuwa, da suka ji ƙarar masaba, sai suka fara dawowa da laujensu. Baba ya ce shi bindiga kawai yake gyarawa. Amma ai ga wuta a hure, kuma mutum ya taho tun daga bakin dam, shinkafarsa ta nuna tana zuba. Sai ya ce to kawo, wannan ɗaya kawai. Wannan ɗaya kawai ɗin ban san sau nawa na ji ta ba.

Ana jibi zan koma, Iya matar Baffa ta zo yi mini sallama, da ɗan ƙullin daddawa da kuka. Muna zaune a ɗaki ni da ita da Inna, na ce, "Iya, ku gyara rufin ɗakin Baffa mana kafin wata daminar, kada bindigar ta sake lalacewa."

Ta saki baki. "Wane rufi? Ɗakin da aka yi wa kwano bara?" Ta leƙa waje, ta rage murya. "Ke, mutumin nan da yake shafa wa bindigar nan man gyaɗa fiye da yadda yake shafa wa ƙafarsa? Ranar da ya dawo daga duba ubanki, bai ci tuwo ba. Da aka yi ruwan farko, da idona na ga ya ɗauke ta ya jingine a ƙarƙashin indararo, bakinta a sama. Na ce Malam, lafiya? Ya ce in na ƙara magana sai na tafi gidanmu. Haka ta sha ruwan daminar nan kaf. Wani lokacin sai in gan shi tsaye a ƙofa yana kallonta kamar zai yi kuka."

Inna ta rufe fuska da gefen mayafinta. Ni kuwa na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na haɗa duka biyun. Iya ta sa muka yi alkawarin ba za mu faɗa ba. Ta manta da wa take magana.

Ranar tafiya, an ɗaure kaya a mota, garar da Inna ta haɗa har ta fi ƙarfin but ɗin motar. Na shiga maƙera in yi wa Baba sallama. Shi kaɗai ne, Baffa ya riga ya tafi bakin gari da bindigarsa tana sheƙi. Na durƙusa, maganar Iya na cina.

Na ce, "Baba, ka san kuwa ɗakin Baffa..."

Ya ɗaga mini hannu. "Ba ya yoyo. Na sani. Yoyon ɗaki daga waje yake cin ƙarfe. Wannan ɗura mata aka yi, tun ranar da ya ɗora mini ita a cinya na gane." Ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa. "Shekara da shekaru bai taɓa barin raɓa ta taɓa ta ba. Ke dai kada ki gaya masa na sani. Bar bawan Allah ya ɗauka ya fi ni wayo."

Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro wata 'yar ƙaramar wuƙa, irin wadda ake ajiye wa jariri a wajen kansa. Da ragowar sifirin ya yi ta. Ya ce, "Ta ɗan karkace. Hannun ne."

Na ce, "A haka nake son ta."

Muna kaiwa bakin gari, ga Baffa tsaye a kan kunyar wata gona, ya ci ɗamara kamar mai fita farauta. Inna ta riga ta gargaɗe shi ya yi nisa da mota saboda kunnen yaro. Na toshe wa ɗana kunnuwa da tafin hannuna. Baffa ya ɗaga bindigar sama, ya juya kai gefe, ya saki. Ƙarar ta tashi tsuntsayen shinkafa gaba ɗaya, farin hayaƙi ya turnuƙe shi, ya fito daga ciki yana tari yana ihu: "Ku gaya wa bawana ta yi! Amma ba don gwanintarsa ba!"

Direba ya ja mota. Na sauke gilashi don in ɗaga masa hannu. Kafin mu hau kwalta, daga can cikin gari, na jiyo masaba ta ci gaba da sauka, da ɗan jinkirin nan nata tsakanin duka da duka.

Wuƙar tana nan a wurina. Duk 'ya'yana a gefenta suka yi barcin jarirantaka, kuma har yau ban bari kowa ya miƙar da ita ba.